Yadda Ake Tsara Tafiyar Kwanaki a Mota Cikin Hamada da Kwazazzaban Kudu Maso Yammacin Amurka

Idan ka tsaya a bakin Grand Canyon, babban kwazazzabon nan na jihar Arizona, ta ɓangaren kudu, ga bakin arewa can kana hango shi ƙuru-ƙuru, tsakaninku bai wuce mil 10 ba. Amma ka ce za ka je can da mota, sai ka share fiye da mil 200, wajen awa huɗu da rabi kana tuƙi, domin gadar da za ta tsallakar da kai kogin Kolorado tana can nesa a Marble Canyon. Wannan shi ne darasin farko na wannan ƙasa: abin da ido ya nuna maka kusa ne, hanya ta san ba kusa ba ne. Yawancin tafiye-tafiyen da suke lalacewa a nan, tun a gida suke lalacewa, lokacin da mutum ya shimfiɗa taswira ya fara ƙirga gandayen daji da yatsa yana cewa wannan kwana ɗaya, wancan rabin yini.

Abin da nake so ka ɗauka daga wannan jagora shi ne, ba yawan wuraren da za ka gani ne yake tsara hanya ba. Wata, tsayin ƙasa, ruwa da mai, da hasken rana, su ne suke tsara ta. Na bar sunayen gandaye da ƙananan garuruwa yadda suke rubuce a allunan hanya domin ka gane su idan ka gan su. Ka kuma riƙe cewa a Amurka da mil ake auna nisa, mil ɗaya kuwa kilomita 1.6 ne, galan ɗaya na mai lita 3.8 ne, kuma in ka ji an ce zafi ya kai 100, ma'aunin Farenhait ake nufi, wato kusan digiri 38 a ma'aunin Salshiyos.

Mataki na farko: zaɓi wata kafin ka zaɓi hanya

Mutane suna jin kalmar hamada sai su ɗauka ko'ina zafi ne. A wannan yanki tsayin ƙasa ne yake yanke hukunci. Badwater Basin da ke Death Valley a jihar Kalifoniya yana mita 86 ƙasa da matakin teku, kuma a Furnace Creek da ke kusa da shi ne aka auna digiri 56.7 ranar 10 ga Yuli, 1913. Bryce Canyon a jihar Yuta kuwa yana tsakanin mita 2,400 da 2,700 sama da teku, inda ruwa yake daskarewa da dare har cikin watan Mayu. Tsakanin waɗannan wurare biyu tuƙin yini guda ne. Ke nan a jaka ɗaya kana bukatar rigar sanyi mai kauri da kuma hular rana.

Afrilu zuwa Mayu, da kuma tsakiyar Satumba zuwa ƙarshen Oktoba, su ne lokutan da suka fi dacewa da babban zagaye. Ni na fi son Oktoba. Rana ba ta da zafin tsiya, ruwan sama mai tsawa ya ja baya, kogin Virgin a gandun Zion ya ragu har ana iya tafiya a cikinsa. A Afrilu da farkon Mayu narkewar dusar ƙanƙara daga duwatsu takan cika kogin, sai a rufe mashigar nan da ake kira The Narrows na tsawon makonni.

Daga Yuli zuwa tsakiyar Satumba lokacin hadarin la'asar ne, wanda yake kawo ambaliya cikin kwazazzabai. Zan dawo kan wannan domin yana kisa ba zato. Daga Disamba zuwa Fabrairu kuwa jama'a sun ragu, ɗakuna sun yi araha, amma rana gajeriya ce, hanyoyin kan tudu suna yin santsin ƙanƙara. Bakin arewa na Grand Canyon a al'ada daga 15 ga Mayu zuwa 15 ga Oktoba yake aiki, kuma gobarar daji ta watan Yulin 2025 ta cinye tsohon masaukin da ke can, saboda haka kada ka sa shi a tsari sai ka duba halin da ake ciki a shafin hukumar gandayen. Death Valley kuma wurin zuwa ne daga Nuwamba zuwa Maris. Wanda ya cusa shi a tafiyar Yuli, abin da zai gani ta gilashin mota zai gan shi.

Mataki na biyu: zana zagaye, sannan ka datse shi

Zagaye ya fi miƙaƙƙiyar hanya, domin kamfanonin hayar mota suna cajin ƙarin kuɗi mai tsoka idan ka ɗauki mota a wani gari ka ajiye a wani. Las Begas a jihar Nebada ita ce mafarin da ya fi sauƙi. Ga babban zagayen da kimanin nisansa:

Las Begas zuwa Springdale, ƙofar Zion, mil 160. Daga nan zuwa Bryce Canyon mil 85. Daga Bryce zuwa Torrey, kusa da Capitol Reef, ta hanya mai lamba 12, mil 115. Torrey zuwa Moab, inda Arches da Canyonlands suke, mil 155. Moab zuwa Monument Valley mil 150. Daga nan zuwa Page mil 125. Page zuwa bakin kudu na Grand Canyon mil 135. Sai komawa Las Begas, mil 280.

Jimilla wajen mil 1,200 ke nan, ban da yawon da za ka yi cikin gandayen kansu, wanda zai iya ƙara maka wasu ɗaruruwa. Wannan zagaye kwana 12 yake so in ana son a ji daɗinsa. Ana iya matse shi a kwana 10. Wanda yake da mako guda kacal, shawarata ya cire Moab da Capitol Reef gaba ɗaya, ya bi Zion, Bryce, Page, Grand Canyon, ya dawo. Wajen mil 800 ne, kuma zai dawo da abin tunawa maimakon ciwon baya. Na san cire Arches yana da ciwo, amma kwaɗayi mabuɗin wahala ne, kuma a wannan hanya wahalar takan zo ne da siffar tuƙin dare.

Duk lokacin da manhajar taswira ta ba ka, ƙara kashi ɗaya cikin huɗu a kai. Ba ta san za ka tsaya ɗaukar hoto ba, ba ta san layin ƙofar shiga ba, ba ta san za ka bi bayan babbar motar kwana mai rarrafe a kan hawa ba. Ka kuma yi ƙoƙari kada tuƙin yini ya wuce awa huɗu, sai dai ranar komawa.

Mataki na uku: raba kwanaki

Dokata a nan ita ce, duk wurin da za ka yi tafiyar ƙafa mai tsawo, ka kwana biyu aƙalla, domin ka samu yini guda cikakke wanda ba ka ɗaure kaya ba, ba ka kwance ba.

Zion kwana biyu. Daga wajen Maris zuwa ƙarshen Nuwamba ba a shiga babban kwazazzabon da motar kai, sai dai a hau bas ɗin gandu, wanda kyauta ne. Wurin ajiye motoci yakan cika tun da hantsi, saboda haka kwana a Springdale yana da riba ko da ya fi tsada. A shekarar 2021 mutum fiye da miliyan 5 ne suka shiga wannan gandu, kuma yawancinsu wannan kwazazzabo guda suka nufa. Idan za ka fita ta gabas zuwa Bryce, za ka bi ramin da aka huda cikin dutse aka gama a 1930, mai tsawon mil 1.1. An yi shi ne don motocin wancan zamani, shi ya sa manyan motoci suke da dokoki na musamman a wurin.

Bryce kwana ɗaya ya isa, muddin ka iso kafin faɗuwar rana ka kuma tashi kafin fitowarta. Abin kallon a nan dubban ginshiƙan dutse ne ja da ruwan goro, waɗanda ruwa ya sassaƙa ta hanyar shiga tsaga, ya daskare da dare, ya kumbura, ya fasa dutsen kaɗan-kaɗan. Ka sauka cikinsu da ƙafa ko da awa biyu ne, amma ka yi hawan dawowa a hankali, domin iska a wannan tsayi ba ta ƙosar da huhu.

Hanya mai lamba 12 kada ka ɗauke ta a matsayin hanyar wucewa. Ita kanta wurin zuwa ce, ka ba ta yini guda. Tsakanin Escalante da Boulder akwai wani yanki da ake kira Hogback, inda kwaltar take bin ƙashin bayan dutse. Layi biyu ne kawai, babu shinge, dama rami, hagu rami. Za ka ji hirar cikin mota ta mutu da kanta, hannunka ya ƙara damƙe sitiyari, can ƙasa kuma kana hango koren layin bishiyoyi yana bin rafin Calf Creek cikin farin dutse. Bayan nan hanyar ta haye dutsen Boulder, sama da mita 2,700, cikin dajin itatuwa masu sanyi, kafin ta gangaro Torrey. Wannan hanya ba ta dare ba ce.

Capitol Reef shi ne wanda aka fi rainawa, ni kuwa ina ganin bai cancanci haka ba. Yana kan wata doguwar lanƙwasar ƙasa mai tsawon kusan mil 100, kuma a tsakiyarsa akwai Fruita, lambunan 'ya'yan itace da mabiya ɗariƙar Mormon da suka zauna a wurin suka dasa, waɗanda har yau ana kula da su, baƙo ma yana iya tsinka ya biya idan lokacin nuna ya yi. Kwana ɗaya, ko biyu in da hali.

Moab kwana uku. Arches yana da duwatsu masu siffar baka fiye da 2,000, kuma yini guda yana ɗauka. Canyonlands kuwa a nan mutane suke ruɗewa, domin kogin Green da na Kolorado sun raba shi gida-gida, babu hanyar da ta haɗa ɓangarorin daga ciki. Island in the Sky yana mil 32 daga Moab, The Needles yana wajen mil 75 ta wata hanyar dabam, The Maze kuma ba na mai motar haya ba ne ko kusa. Mai kwana uku ya ɗauki Island in the Sky, ya bar yini na uku a buɗe. Wannan yinin da ba a rubuta masa komai ba shi ne zai cece ka idan hadari ya ɓata maka jiya ko gajiya ta kama wani.

Monument Valley kwana ɗaya, Page kwana ɗaya, Grand Canyon kwana biyu. Ka shigo Grand Canyon ta ƙofar gabas daga Cameron, a kan hanya mai lamba 64, domin ganinka na farko ya zama a Desert View, inda hasumiyar da mai zanen gine-gine Mary Colter ta tsara aka gina a 1932 take tsaye, kuma daga nan ana ganin kogin sosai.

Mataki na huɗu: kama abin da ya fi wuya tukuna

Kuskuren da aka fi yi shi ne sayen tikitin jirgi, sannan a fara neman wurin kwana. Juya abin. Fara da abin da ya fi ƙarancin gurbi, ka gina sauran a kansa.

Masaukan da ke cikin gandayen kansu, musamman na Grand Canyon da Zion da Bryce, suna cika watanni da yawa kafin lokaci. Filayen kafa tanti da yawa ana buɗe rajistarsu ne wata shida kafin ranar a shafin Recreation.gov, kuma masu farin jini suna ƙarewa nan da nan. Hawan Angels Landing a Zion, inda ake bin sarƙa a kan siririn dutse, tun Afrilun 2022 sai da takardar izini, wadda ake samu ta hanyar ƙuri'a, ko ta watanni kafin lokaci ko ta ana gobe. Tsakanin 2022 da 2025 Arches ya riƙa neman tikitin lokacin shiga a watannin cunkoso. Irin waɗannan dokoki suna sauyawa shekara-shekara, saboda haka ka buɗe shafin kowane gandu a nps.gov sau biyu: lokacin tsari, da kuma mako guda kafin tashi.

Antelope Canyon, matsattsen kwazazzabon da ke kusa da Page, da Monument Valley ba na gwamnatin tarayya ba ne, ƙasar al'ummar Nabaho ce, 'yan asalin yankin, da hukumarta da dokokinta. Ba a shiga Antelope sai da ɗan jagora daga cikinsu, kuma sai an kama gurbi tun da wuri. Ka tuna kana cikin gidan mutane ne. Kada ka ɗauki hoton kowa ko gidansa ba da izini ba, kada ka sauka daga hanyar da aka ware.

Sai batun kuɗin shiga. Zion, Bryce da Grand Canyon kowanne dala 35 ne ga mota na kwana bakwai, Arches da Canyonlands dala 30, Capitol Reef dala 20. Katin shekara mai suna America the Beautiful dala 80 ne ga mazauna Amurka. Daga Janairun 2026 an sauya wa waɗanda ba mazauna ba: katin shekara ya zama dala 250, wanda ba shi da katin kuma zai biya ƙarin dala 100 kan kowane mutum mai shekara 16 zuwa sama a gandaye 11, ciki har da Zion, Bryce da Grand Canyon. Yi lissafi da kanka: manya huɗu a mota ɗaya, gandaye uku, ƙarin kawai dala 1,200 ne. Katin ya fi sauƙi nesa ba kusa ba. Amma ba ya aiki a wuraren Nabaho, haka ma wurin ajiye mota na Horseshoe Bend, inda ake kallon lanƙwasar kogin Kolorado, wanda hukumar garin Page ce take karɓar kuɗinsa.

Mataki na biyar: mota da irin hanyar da za ta taka

Duk zagayen da na zana kwalta ne, ƙaramar mota ma za ta yi shi. Matsala tana farawa ne idan aka sauka kan burji. Yawancin yarjejeniyoyin hayar mota sun hana bin hanyar da ba kwalta, kuma in wani abu ya faru a can, inshora takan zame ta bar ka da kuɗin janwe, wanda a irin waɗannan wurare ba ƙaramin abu ba ne. Karanta takardar kafin ka sa hannu. Kafin ka bar harabar kamfanin kuma, buɗe but ka gani da idonka ko akwai tayar safaya da jak da sifana, domin sababbin motoci da yawa ba sa zuwa da safaya.

Wasu hanyoyin burji a kudancin Yuta, kamar Cottonwood Canyon da na Cathedral Valley, suna ratsa wata irin laka da idan ta bushe kamar siminti take, idan ta jiƙe kuwa sai ta zama kamar sabulu. Tana manne wa taya har zanen tayar ya ɓace, ka juya sitiyari motar ta ƙi bin ka. Mota mai jan ƙafa huɗu ma ba ta tsira. In an yi ruwa jiya ko ana sa ran yau, bar ta. Hanyar White Rim a Canyonlands mil 100 ce, tana bukatar izini da mota mai tsayi, tafiya ce ta kanta ba ta ratse ba. Ka kuma lura da manhajar taswira idan ta nuna maka gajeriyar hanya ta lamba 261: a kanta akwai Moki Dugway, mil uku na burji mai lanƙwasa a jikin dutse.

A doguwar gangara, sa mota a ƙaramar giya ta riƙe kanta. Wanda ya ɗora ƙafa a birki daga sama har ƙasa, zai ji ƙaurinsa kafin ya kai, kuma birkin da ya yi zafi ba ya kamawa.

Mataki na shida: ruwa da mai

Galan ɗaya ga kowane mutum a kowace rana, wajen lita huɗu, wannan na sha ne kawai kuma shi ne mafi ƙaranci. Bayan shi ka ajiye wasu galan biyu ko uku a but waɗanda ba a taɓawa sai mota ta lalace. Saye su a babban kanti a Las Begas ko St. George da ke kan hanyar Zion tun ranar farko. Iskar wannan yanki busasshiya ce ƙwarai, gumi yana bushewa kafin ka gan shi, sai mutum ya ɗauka bai yi asarar ruwa ba. Kuma ruwa kaɗai ba ya isa. Wanda ya yi ta kwankwaɗar ruwa bai ci komai ba, gishirin jininsa yana iya raguwa har ya galabaita, alamunsa kuma suna kama da na bugun zafi. Ka riƙa cin abu mai gishiri tare da shan ruwan.

Mai kuwa, rabin tanki shi ne ƙarshen tanki. Da allura ta kai rabi, gidan mai na gaba naka ne, ko da farashinsa ya ɓata maka rai. A babbar hanyar I-70, tsakanin Green River da Salina, akwai fiye da mil 100 babu gidan mai ko ɗaya. Tsakanin Torrey da Green River, Hanksville ce madogara. Mai motar lantarki ya tsara wuraren caji kafin ya tsara wuraren kwana.

Idan mota ta mutu a wurin da babu kowa, zauna tare da ita. Tana ba da inuwa, ruwanka yana ciki, kuma masu nema sun fi saurin hango mota a kan hango mutum.

Mataki na bakwai: koyi karanta sama

Ranar 12 ga Agusta, 1997, ambaliya ta kashe masu yawon buɗe ido 11 a Lower Antelope Canyon. Ruwan da ya kashe su ba a kansu ya zuba ba, hadarin ya sauke shi ne mil da dama daga wurin. A Satumbar 2015 mutum bakwai suka rasu a Keyhole Canyon cikin Zion ta irin wannan hanya. Dalilin a fili yake. Ƙasar dutse ce, ba ta shan ruwa. Duk abin da ya zuba a faɗin fili mai girma sai ya tattaru ya bi ta tsaga guda, wadda wani wurin faɗinta bai fi ka miƙa hannu biyu ka taɓa bango da bango ba. Ruwan yana zuwa ne kamar katanga, ɗauke da itatuwa da duwatsu, kuma ya fi ka gudu.

Saboda haka duk ranar da za ka shiga matsattsen kwazazzabo, ka fara biyawa ofishin baƙi na gandun. Suna liƙa hasashen ambaliya na ranar, kuma jami'an suna amsa tambaya da gaskiya. Tambaye su game da duk yankin da ruwansa yake gangarowa wurin, ba saman kanka kaɗai ba. In ka riga ka shiga, ka ga ruwan da yake garai-garai ya fara yin ja, ko ganye da ƙirare sun fara wucewa, ko ka ji ruri daga sama kamar na jirgi, nemi tudu nan take ka hau, ka bar jaka in ta hana ka. Ko mita biyu ka ɗaga yana iya zama bambanci.

Haka a mota. Idan ruwa yana gudu a kan hanya, tsaya ka jira. Zurfin santimita 30 na ruwa mai gudu yana iya ɗauke ƙaramar mota, kuma ba ka san ko kwaltar da ke ƙasansa tana nan ba. Irin wannan ruwa yakan janye cikin 'yan awoyi.

A watannin hadari, sa tafiyar kwazazzabo da sassafe, domin gajimare yakan haɗu ne bayan azahar. Ka kuma sauka daga bakin dutse mai tsayi da zarar ka ji tsawa.

Mataki na takwas: tsara yinin kansa

Yinin hamada gida uku ne. Daga ketowar alfijir zuwa wajen ƙarfe goma, tafiyar ƙafa. Daga goma zuwa huɗu, tuƙi zuwa zango na gaba, cin abinci, hutu a inuwa. Daga la'asar zuwa faɗuwar rana, wuraren kallo na kusa da hanya. Wannan tsari yana kauce wa zafi da cunkoso a lokaci guda, kuma hasken safe da na yamma ne yake fito da launin duwatsun.

Grand Canyon yana da tarko na musamman, domin dutse ne a kife. Ana fara shi da gangara cikin sanyin safiya da ƙarfin jiki, a ƙare da hawa cikin rana da gajiya. Kuma ƙasa ta fi sama zafi: a Yuli, lokacin da bakin kudu yake wajen digiri 29, gindin kwazazzabon kusa da kogi yana haura 40. Hawa yana cin ninki biyu na lokacin sauka. In kana da awa uku, juyo bayan awa ɗaya, ko da ƙafarka tana cewa a ci gaba. Hukumar gandun tana gargaɗi ƙarara cewa kada a gwada zuwa kogi a dawo a yini guda.

Guji tuƙi bayan magariba. Barewa da manyan namun daji suna fitowa hanya a wannan lokaci, kuma wurare da yawa makiyaya ce marar shinge, baƙar saniya tana iya tsayawa a tsakiyar kwalta ba ka gan ta ba sai ka zo dab.

Sai agogo, wanda ya sa mutane da yawa suka rasa gurbin da suka biya. Daga Maris zuwa farkon Nuwamba, Yuta tana tura agogonta gaba da awa ɗaya, Arizona ba ta turawa, amma ƙasar Nabaho da ke cikin Arizona tana turawa. Ke nan idan ƙarfe tara ne a Page, goma ne a Monument Valley da Zion. Wayarka tana iya tsalle tsakanin lokutan biyu gwargwadon turken da ta kama. Kashe sauyin lokaci na kai-tsaye, ka kuma tambayi masu jagorar Antelope da wane agogo suke aiki.

Mataki na tara: abin da za ka yi daren tashi

Sabis ɗin waya yana ɓacewa na awoyi a wannan hanya. Sauke taswirar yankin gaba ɗaya a waya, sauke bayanan kowane gandu a manhajar NPS, wato ta hukumar gandayen, ɗauki hoton duk takardun izini da na masauki. Sayi taswirar takarda ta jihohin Yuta da Arizona. Wasu sababbin wayoyi suna iya aika saƙon gaggawa ta tauraron ɗan Adam, ka gwada naka ka san yadda yake aiki tun kana gida. Lambar gaggawa 911 ce.

Rubuta tsarin tafiyar, da inda za ka kwana kowane dare, da launi da lambar motar, ka tura wa mutum ɗaya da ka amince da shi. Ku yi alkawarin lokacin da za ka riƙa kiransa, da abin da zai yi in bai ji ka ba.

Jirgi marar matuƙi na ɗaukar hoto haramun ne a gandayen ƙasa tun 2014, bar shi a gida. A Arches da Canyonlands za ka ga ƙasa mai baƙin ɓawo mai ƙuraje a gefen turba. Rayayyen abu ne, ƙananan halittu ne suka saƙa shi, shi yake riƙe ƙasar kada iska ta kwashe ta, kuma sawu ɗaya yana ɓata abin da ya ɗauki shekaru masu yawa yana haɗuwa. Taka dutse ko turbar da aka fitar.

Abu na ƙarshe a tsarin shi ne ranar komawa. Daga Grand Canyon zuwa Las Begas awa huɗu da rabi ne in komai ya tafi daidai, ta Williams da Kingman, kuma a jikin da ya yi kwana goma sha ɗaya a hanya. Kada ka sa jirginka a wannan rana. Kama ɗaki a Las Begas, ka cika tanki, ka mayar da mota da safe, ka tashi washegari.